Idan Ƙafa Ta Goce a Kan Dutse, Wa Zai Zo?

Da wuya a samu wanda ya tashi a cikin birnin Kano bai taɓa hawa Dutsen Dala ba ko da sau ɗaya, ranar sallah ko wata Juma'a da yamma, ya tsaya a sama yana nuna wa abokai hasumiyoyin babban masallaci da rufin Kasuwar Kurmi da Goron Dutse can yamma. Tsayin Dala daga doron teku mita 534 ne, amma tunda shi kansa birnin yana zaune a kan kimanin mita 480, abin da ƙafa take hawa bai taka kara ya karya ba. Da silifas ake hawansa, ga matakala, kuma idan tsautsayi ya sa wani ya faɗi, kafin a ce kwabo an sauko da shi an tare masa adaidaita sahu zuwa asibiti. Wannan sauƙi ya shuka mana wani tunani da ba mu cika lura da shi ba, wato cewa a kan dutse ma taimako yana nan kusa kamar yadda yake a ƙofar gida.

A 'yan shekarun nan matasanmu sun fara wuce Dala. Ana haɗa kuɗin mota a tafi Kufena a Zariya, ko duwatsun Shere da ke gefen Jos waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 1,829. Masu ƙarfin hali suna nufar Chappal Waddi a Jihar Taraba, kan iyakar Kamaru, wanda da mita 2,419 ya zama wuri mafi tsayi a Najeriya, masu hannu da shuni kuma suna yankar tikiti zuwa Kilimanjaro a Tanzaniya. Ga kuma alhazai, maza da mata, har da tsofaffi masu ciwon gwiwa, da suke hawa Jabalun Nur a Makka domin ganin Kogon Hira, ko da yake hawan ba ya cikin ayyukan Hajji. Tambaya ɗaya ce take kwance a ƙarƙashin duk waɗannan tafiye-tafiye, kuma ita ce ba a yi a lokacin da ake lissafin kuɗin mai da abincin rana: idan ƙafar wani ta goce a can sama, wa zai zo, ta ina zai biyo, kuma awa nawa zai yi kafin ya iso?

Ni dai a jikina na koyi amsar. Wata shekara a ƙarshen damina mu huɗu muka tashi daga Kano da hantsi zuwa wani dutse a kudancin jihar, muka ajiye mota a gindin tsamiya a bakin wani ƙauye. Wani dattijo da yake tufka igiya a inuwar ya dubi takalmanmu da 'yar gorar ruwa ɗaya-ɗaya da muke riƙe da ita, ya ce, "Samari, ta inda kuka hau ta nan za ku sauko, kuma kada la'asar ta same ku a sama." Muka ce, "To, Baba," irin amsar da ake ba manya a wuce. Hawan bai kai mu awa biyu ba. Muka yi sallah, muka ci abinci, muka ɗauki hotuna, hira ta yi daɗi har rana ta karkata, sannan ɗayanmu ya hango wani gangare da ya ce ya fi kusa da mota, muka bi shi. A nan ne babban cikinmu ya taka gansakuka a kan wani falalen dutse da ruwa yake tsattsafowa, ƙafarsa ta zame ta shige tsaga, muka ji ƙas. Idon sawun ya kumbura nan take, har sai da muka yanke igiyar kambas ɗinsa kafin ƙafar ta fita.

Waya huɗu muke da ita, babu mai sabis ko ɗaya. Ruwa kuwa tun a sama ya ƙare. Muka gwada goyo, muka ga wanda ya goya ƙato a kan gangare ba ya yin taku ashirin sai gwiwarsa ta fara rawa. Daga baya muka karyo rassa biyu muka zura su a cikin riguna biyu, muka haɗa wani abu da ya fi kama da makara, har shi mai ciwon ya ce, yana cije leɓe, "Ku dai bi a hankali, ban cika ba tukuna." Magariba ta faɗi muna tsakiyar duwatsu, cajin waya ɗaya ya mutu, ta biyu ta bi ta. Dattijon nan ne ya fitar da mu. Da ya ga an idar da magariba motarmu tana nan a gindin tsamiya, ya je ya gaya wa mai unguwa, aka haɗa samari da wani mafarauci suka hau da tocila. Hanyar da suka ga mun hau ita suka fara bi, suka ɓata fiye da awa ɗaya kafin su jiyo ihunmu ta ɗaya gefen. Tazarar da muka hau cikin ƙasa da awa biyu sai da ta ci mana kusan awa bakwai a saukowa, da mutum goma a kan majinyaci ɗaya.

Haka ceto yake a kowane dutse a duniya, domin aiki ne mai matakai kuma kowane mataki yana cin lokacinsa. Sai an gane cewa wani abu ya faru, sai labari ya isa ga wanda zai iya motsawa, sai an tara mutane, sai sun hau, sai sun gano wurin, sannan a fara saukowa, wadda ta fi duk sauran tsawo. Gadon ɗaukar majinyaci a ƙasa mai duwatsu yana buƙatar mutum shida zuwa takwas a lokaci guda, da wasu a gefe da za su karɓe su idan sun gaji. Jirgi mai saukar ungulu, wanda shi ne mutane suke hangowa da zarar an ambaci ceto, yana da nasa iyakoki: hazo da gajimare da iska mai ƙarfi suna hana shi tashi, dare yana ƙara masa haɗari, kuma duk sama da ya ƙara yi iska tana ƙara yin shara-shara har fukafukansa su rasa abin dogara. Gaskiya ne a watan Mayun 2005 wani matuƙi Bafaranshe, Didier Delsalle, ya sauke jirgi a ƙololuwar Everest, tsauni mafi tsayi a duniya, amma shi kaɗai ne a ciki, kuma sai da aka cire kujeru aka rage masa nauyi. Abin takaicin shi ne yanayin da yake jefa mai hawa cikin haɗari, shi ne dai yake hana jirgin tashi.

Ƙasashen da a yau ake misali da su ma da rayuka suka sayi tsarinsu. A ranar 22 ga Disambar 1956 wasu samari biyu, Jean Vincendon ɗan Faransa da François Henry ɗan Beljiyam, suka tashi hawan tsaunin Mont Blanc da ke kan iyakar Faransa da Italiya cikin tsananin hunturu, guguwa ta rutsa da su, suka maƙale a wani fili na ƙanƙara mai tsayin kusan mita 4,000. Mutanen garin Chamonix da ke gindin tsaunin suna hango su da tabarau mai hangen nesa, ana ta jayayya a kan wanda alhakin hawa ya rataya a wuyansa. Ranar ƙarshe ta shekarar jirgin soja da aka tura ya faɗo a kusa da su, sai masu ceto suka koma neman kuɓutar da matuƙansa, aka bar samarin a cikin gangar jirgin, kuma sai a watan Maris aka sauko da gawarwakinsu. Kunyar wannan lamari ce ta sa a 1958 gwamnatin Faransa ta ɗauki ceton dutse a matsayin aikinta, aka kafa rundunar jandarma ta musamman a Chamonix. Suwizalan tana da ƙungiyar ceto ta jiragen sama mai suna Rega tun 1952, a Birtaniya kuma 'yan sa-kai ne suke barin aikinsu su fita. Mu a nan muna da lambar gaggawa ta 112, muna da hukumar NEMA da aka kafa a 1999, kuma jami'an kashe gobara na Kano sun goge wajen ciro mutum daga rijiya da kududdufi. Amma wanda ya karye a bayan wani dutse a Doguwa ko a dajin Gashaka, waɗanda za su fara isa gare shi su ne mafarauta da makiyaya da samarin ƙauyen da ke gindin dutsen, kuma su ma sai idan sun san yana can.

Kafin su kuwa akwai abokan tafiya, kuma a nan ne maganar dogaro da kai take da ma'ana. A tsaunukan Turai an daɗe da sanin cewa wanda dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne, idan aka tono shi cikin minti 15 na farko, wajen tara cikin goma suna rayuwa, amma da an wuce rabin awa sai adadin ya faɗo zuwa kusan uku cikin goma. Babu wata runduna, komai kayan aikinta, da za ta iso cikin minti 15, saboda haka suke koya wa kowane mai hawa yadda zai tono ɗan'uwansa. Ba mu da dusar ƙanƙara, amma jinin da yake zuba da numfashin da ya toshe su ma ba sa jiran kowa. Kowace tawaga tana buƙatar aƙalla mutum biyu da suka iya danne rauni har jini ya tsaya, da ɗaure karaya da sanda ba tare da ƙoƙarin gyara ƙashin ba, da kwantar da wanda ya suma a gefensa, kuma suka san cewa wanda ya faɗo ta ka ko ta baya ba a ɗaga shi da garaje. Mutum huɗu shi ne mafi ƙarancin adadi mai hankali: ɗaya ya ji ciwo, ɗaya ya zauna da shi, biyu su sauka neman taimako. Kakanninmu fatake da suke zuwa Gwanja sayen goro ba su taɓa tashi babu madugu da jagaba ba, kuma Manzon Allah (SAW) ya yi umarni idan mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. A ranar da muka sha wuya, mu huɗu ne kuma kowa madugun kansa, shi ya sa da ɗaya ya ce ga gajeriyar hanya babu wanda yake da hurumin cewa a'a.

Haɗurran duwatsunmu ba irin na talabijin ba ne. Na farko zafi ne da ƙishirwa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, falalen dutse kuma yana shan rana yana mayar wa mutum ita ta ƙasa, ga shi babu inuwa. Mai hawa a irin wannan yanayi yana iya buƙatar rabin lita zuwa lita guda a kowace awa, kuma ruwa zalla ba ya mayar da gishirin da gumi ya kwashe, don haka ƙullin gishiri da sukari da ake ba yara masu gudawa ya cancanci gurbi a jaka, tare da dabino da ƙuli-ƙuli. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya gargaɗi ne, amma idan mutum ya fara sambatu ko ya kasa gane abokansa, to a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a yi ta yi masa fifita, domin rai ne ake ja da shi. A Hajjin 2024, da zafin Makka ya haura digiri 51, hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar alhazai fiye da 1,300, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa ɗa ya roƙi mahaifiyarsa ta haƙura da Kogon Hira da tsakar rana. Da damina kuma santsi ne da tsawa. Sauti yana cin kilomita ɗaya a cikin daƙiƙa uku, saboda haka idan tsakanin walƙiya da rugugi bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin yana cikin kilomita goma, lokacin barin ƙololuwa ya yi. Gindin bishiyar da take tsaye ita kaɗai da bakin ƙaramin kogo ba mafaka ba ne, kuma kwazazzabon da yake a bushe da safe yana iya cika da ruwan da aka yi a wani wuri da ba a gani ba.

Akwai kuma ƙudan zuma da suke yin gida a tsagar duwatsu, waɗanda hayaniya da hayaƙi suke tayar da su, kuma sau da yawa gudun da ake yi musu a bakin gangare ya fi harbin kisa. Akwai kububuwa da kasa a ƙarƙashin duwatsu, shi ya sa ba a zura hannu inda ido bai gani ba. Idan sara ya auku, tsagawa da tsotsa da ɗaure ƙafa tamau duk ƙara ɓarna suke yi. Abin yi shi ne a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibitin da yake da allurar dafi, kuma a san wannan asibiti tun kafin a bar gida, tunda ba kowane gari ne yake da asibitin saran maciji irin na Kaltungo a Jihar Gombe ba. Batun tsaro ba ya buƙatar dogon bayani ga ɗan Arewa: dutsen da dagaci ya ce kada a hau, ba a hawansa.

Sanyi shi ne abin da Bakano ya fi rainawa, saboda yana ganin ya san hunturu. A ƙa'ida, duk mita 1,000 da aka hau zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5. Tsakanin Kano da ƙololuwar Kilimanjaro mai mita 5,895 akwai tazarar fiye da mita 5,400, wato ragin wajen digiri 35, kuma da tsakar dare ake tashi hawan ƙarshe. Amma ba sai an je can sanyi yake kisa ba, domin jiƙewa da iska da gajiya idan suka haɗu suna sauke zafin jiki ƙasa da digiri 35 ko a Mambila. A ranar 22 ga Mayun 2021, a lardin Gansu na ƙasar Sin, 'yan tsere 172 suka tashi gudun kilomita 100 a kan tuddai da gajeren wando da 'yar shimi, ruwa da ƙanƙara da iska suka rufe su, mutum 21 suka mutu, cikinsu har da zakarun ƙasar. Wani makiyayi da ya fake a kogo ne ya janyo mutum shida ya hura musu wuta suka rayu. Rigar auduga, wadda ita ce suturarmu, idan ta jiƙe tana manne wa jiki tana zuƙe ɗuminsa. Rigar sanyi ɗaya a cikin leda, da rigar ruwa, da hula, da wani abu da za a shimfiɗa tsakanin majinyaci da ƙasa, ba su kai nauyin kwalbar lemo biyu ba. Kuma a lura cewa wanda ya daina rawar ɗari alhali bai ji ɗumi ba, ya fara magana a lauye, ya fi mai karkarwa kusa da halaka.

Ciwon tsauni kuwa sai an haura kimanin mita 2,500 yake fara bayyana, wanda yake nufin duwatsun Najeriya duk suna ƙasa da shi, amma Dutsen Kamaru mai sama da mita 4,000 da Kilimanjaro suna tsakiyarsa. Kason oksijin a cikin iska ba ya canzawa, yana nan a kashi 21 cikin ɗari, nauyin iskar ne yake raguwa, ta yadda numfashi ɗaya a saman Kilimanjaro yake kawo kusan rabin abin da yake kawowa a bakin teku, a saman Everest mai mita 8,849 kuma kusan kashi ɗaya cikin uku. Jiki yana iya sabawa, amma kwanaki yake buƙata, kuma ƙarfi ko ƙuruciya ba sa sayen ko kwana ɗaya, hasali ma ɗan ƙwallon da ya fi kowa sauri shi ya fi saurin kai kansa inda jikinsa bai shirya ba. Likitocin tsauni suna ba da shawarar cewa bayan mita 3,000 kada wurin kwana ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a huta kwana guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. 'Yan jagora a Kilimanjaro ba su da wata kalma sai "pole pole", wato sannu sannu da Sawahilanci, wadda mu ma mun san ba ta hana zuwa. Tsorona ga ɗan ƙasarmu shi ne alamomin farko, ciwon kai da kasala da tashin zuciya da rashin barci, sun yi kama da zazzaɓin cizon sauro, sai ya haɗiyi farasitamol ya ci gaba da hawa. Idan numfashi ya gagara ko a zaune, ga tari mai kumfa, ruwa ne yake taruwa a huhu. Idan mutum ya kasa tafiya a miƙe yana ɗora dunduniya a gaban yatsu, ko ya ruɗe, ƙwaƙwalwa ce take kumbura. Dukansu suna kisa cikin awoyi, kuma maganinsu na farko saukowa ce, ko da dare ne, tare da rakiya. Ƙwayar Diamox da likita yake rubutawa tana taimaka wa jiki ya saba, amma ba ta maye gurbin saukowa.

A nan akwai wata magana da littattafan Turawa ba su cika tsayawa a kanta ba alhali mu ta fi shafa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ciwon sikila, kuma ƙarancin oksijin da sanyi da bushewar jiki su ne ainihin abubuwan da suke tayar da ciwon. Mai jinin SS ba shi da abin nema a tsauni mai tsayi sai da izinin likitansa. Mai AS, wanda a gida lafiyarsa ƙalau, shi ma an sha samun irinsa da toshewar jini a saifa bayan ya hau sama, abin da yake zuwa da ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Gwajin da ake yi kafin aure ya kamata a tuna da sakamakonsa kafin a biya kuɗin tafiya.

Duk da haka, abin da ya fi wuya a kan dutse shi ne juyawa. Mutum ya tara kuɗi, ya sanar da duniya a Facebook, ga ƙololuwa tana kallonsa, sai a ce ya koma. A ranar 10 ga Mayun 1996 tawagogin da suka hau Everest sun san ƙa'idar cewa duk wanda bai isa ba zuwa ƙarfe biyu na rana ya juyo, amma wasu sun isa bayan ƙarfe uku, har da wanda ya isa wajen ƙarfe huɗu. Guguwa ta tare su a hanyar dawowa, oksijin ɗin kwalba ya ƙare, mutum takwas suka mutu, cikinsu da shugabannin tawaga biyu, Rob Hall da Scott Fischer, waɗanda ba wanda zai kira su sababbin shiga. Fiye da rabin waɗanda suka mutu a wannan tsauni bayan sun haura mita 8,000 a kan hanyar saukowa ajali ya same su. Lokacin juyawa a ƙasa ake yanke shi, da hankali kwance, kuma da lissafi. Tun 1892 wani ɗan Sikotilan, William Naismith, ya bar ma'aunin da har yau ake aiki da shi: awa ɗaya ga kowane kilomita biyar, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa, sannan a ƙara na hutu da na mafi rauni a tawaga. A ƙasarmu rana tana faɗuwa tsakanin ƙarfe shida da bakwai duk shekara, kuma duhu ba ya jinkiri bayanta. Abin da dattijon nan ya taƙaita ke nan da ya ambaci la'asar.

Na'urori suna da amfani matuƙar an san iyakarsu. Waya tana iya nuna inda mutum yake ko babu sabis, tunda daga tauraron ɗan'adam take karɓar wannan bayani, amma sai an sauke taswirar tun a gida, kuma an koyi karanta lambobin wurin domin a aika su. Saƙon tes yakan fita a inda kira ya ƙi shiga, kuma waya ɗaya ya kamata a kashe a ajiye, kada ta ƙare a ɗaukar bidiyo ko haska hanya, aikin da tocilar goshi ta fi ta iyawa. Akwai 'yar na'urar neman agaji mai aika sigina a kan zangon megahaz 406 zuwa tsarin Cospas-Sarsat, wanda ya fara ceton rayuka a 1982, kuma NEMA tana da cibiyar karɓar saƙonsa a Abuja. Sai dai na'ura sanarwa take yi, ba ta ɗaukar mutum a kafaɗa, don haka awoyin jira suna nan yadda suke. Usur na roba kuwa, wanda kuɗinsa bai kai na katin waya ba, ya fi murya kai wa nesa kuma ba ya dishewa. Alamar da masu hawan tsauni suka sani tun ƙarni na 19 ita ce busa shida cikin minti ɗaya, a yi shiru minti ɗaya, a maimaita, mai amsawa kuma ya busa uku. Da muna da usur a daren nan, da samarin ƙauye ba su ɓata awa guda a ɗaya gefen ba.

Ya kamata kuma a tuna cewa mai ceto ɗan wani ne. A ranar 18 ga Afrilun 2014 ƙanƙara ta ɓallo a Everest ta kashe 'yan Nepal 16 da suke kai wa baƙi kaya, kuma a Yulin 2023 wani ɗan dako ɗan Pakistan, Muhammad Hassan, ya rasu a wata 'yar siririyar hanya a tsaunin K2 yayin da masu hawa suke wucewa ta kansa zuwa ƙololuwa, abin da ya jawo muhawara mai zafi a duniya. A Mayun 2023 ɗin ne kuma wani ɗan jagora ɗan Nepal, Gelje Sherpa, ya fasa kai baƙonsa saman Everest, ya sauko da wani ɗan Malesiya da ya tarar yana daskarewa, wajen awa shida yana fama da shi. Duk wanda ya hau da ganganci yana sa hannu ne a madadin irin waɗannan mutane ba tare da ya shawarce su ba. Mai zuwa ƙasar waje ya karanta takardar inshorarsa ya ga har tsayin mita nawa ta yarda ta biya, mai zuwa ƙauye kuma ya ɗauki ɗan jagora daga garin, ya biya shi hakkinsa tun kafin a tashi, ya kuma ji maganarsa.

Saura takardar da ake bari a gida, wadda ita ce mafi arha a duk shirin. A Afrilun 2003 wani Ba'amurke, Aron Ralston, ya shiga wani kwazazzabo a jihar Utah shi kaɗai bai gaya wa kowa inda za shi ba, dutse ya danne masa hannu, ya yi fiye da kwana biyar babu wanda ya san inda za a nufa, har sai da ya yanke hannun da 'yar wuƙarsa. Takardar za ta ƙunshi sunan dutsen da ƙauyen da ke gindinsa, hanyar hawa da ta saukowa, sunayen 'yan tawaga da ciwon da kowa yake da shi, lambar mota da inda za a ajiye ta, lambar wani a ƙauyen, da sa'ar da idan ta wuce ba a ji ɗuriyarsu ba za a tayar da mutane. Cewa "sai mun dawo" ba sa'a ba ce, domin uwa ko mata za ta yi ta ba da uzuri har gari ya waye. A rubuta ƙarfe bakwai, a rubuta wanda za a fara kira, a ba mai unguwar ƙauyen kwafi, kuma hanyar da aka rubuta ita za a bi.

Abokin namu a daren aka ɗaure masa ƙafa da karan dawa muka kamo hanyar Kano. Hoton asibiti ya nuna ƙashi biyu ne suka karye, aka sa masa ƙarfe, ya yi wata uku bai taka kasuwa ba. Bayan ya warke mun koma ƙauyen da goro da turmin atamfa, muka tarar da dattijon a gindin tsamiyarsa, ya dubi ƙafar, ya ce, "Alhaji, yanzu ta ina za ku hau?"